Sanarwar da ta fitar da Malam Abakar daga gidanmu

Shekara talatin da shida ke nan. Ranar Talata ce, ƙarfe biyar saura kwata na yamma, mu biyu ne a ɗakin watsa shirye-shirye a Garwa, ni da mai kula da na'ura. Aka miƙo mini kominike, irin sanarwar da jama'a ke kawowa, an buga ta da tafireta, suna daidai, unguwa daidai. Ta ce Allah ya yi wa Hajiya Amne rasuwa a Kuseri, ana neman ɗanta Abakar duk inda yake. Na karanta sau biyu, kamar yadda muke yi wa sanarwar mutuwa. Na san mai sunan, domin a gidanmu yake zaune.

Malam Abakar malamin makaranta ne, ya taɓa zama ɗan majalisa a ƙasarsu, can tsallaken kogin Logon. Da sabbin masu mulki suka fara ɗauke abokansa ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye tsohuwarsa wurin dangi a Kuseri, garin bakin iyaka ta ɓangarenmu, ya nauso kudu. Mahaifina ya sauke shi a ɗakin da muke sauke fatake. Shekara biyu bai wuce Marwa ya kusanci iyaka ba. Akun gwamnati yake kirana, wai ko takardar ƙunshin ƙosai aka aje mini a gaba zan karanta da ladabi.

Mahaifina ya roƙe shi ya jira direbobin Kuseri su iso a ji daga bakinsu. Ya ce, “Alhaji, rediyo ne ya faɗa, kuma da bakin ɗanka. Wa zai yi ƙarya da mutuwar uwa?”

Da safe ya shiga mota. A tashar Kuseri mutum biyu suka tare shi, suka yi masa ta'aziyya, suka karɓar masa jaka. Direban da ya kai shi ya ga ƙaramar motarsu, da shi a ciki, ta nufi gadar da ke ƙetarawa ƙasarsu. A kan gadar akwai jami'anmu da shingensu, amma ranar babu wanda ya ga komai. A komisariya, ofishin ’yan sanda, aka ce mana ai ba ɗan ƙasa ba ne. Takardar da na karanta kuwa ta ɓace daga fayil kafin mako ya zagayo. Da ɗan gari akan ci gari. Sai bayan shekara biyu wani da ya fito daga kurkukunsu ya shaida mana cewa Malam Abakar bai ƙetare bazarar farko da rai ba.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne sun san mu. Sun san ba ma tuhumar labarin mutuwa, sun san kunya ba za ta bar ɗa ya zauna ana zaman makokin uwarsa ba. Ba su tsallako da bindiga ba. Da tarbiyyarsa suka kama shi, da muryata.

Da zai dawo yau, ba na jin zai yi mamaki. ’Yarsa Zara tana Faransa, tana magana a kan waɗanda suka ɓace. Duk lokacin da ta buɗe baki, sai a turo mata hoton ƙofar gidan kawunta ta waya, babu ko kalma ɗaya. Kuma kada mu tsaya nuna maƙwabta da yatsa. Na san gidaje a Garwa da aka kira uba ya je ya amsa tambaya saboda abin da ɗansa ya rubuta daga ƙasar waje. Tafireta ce kawai ta tsufa.

Bai bar kabari ba. Ya bar ’ya wadda ta ƙi yin shiru, ya bar mini sanin cewa magana zarar bunu ce, ko da wani ne ya rubuta maka ita.

Hajiya Amne ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan na sanar da mutuwarta. Da aka kawo mini sanarwa ta biyu, sai da na je Kuseri na ga kabarin kafin na karanta.