Gwangwanin Turaren Tasalla

Tasalla 'yar Fulanin Roni ce, ta taso da ƙwaryar nono a ka, ta tsufa tana sayar da man shanu a kasuwar Gwiwa. Ba ta da yawan magana, amma idan aka ɓata mata rai ba ta mantawa.

A 1975 ta sayar da bijimai biyu ta biya kujerar Makka. Ɗanta Lauwali, direban tanka, ya kawo mata turaren feshi gwangwani biyu daga Ikko. Ta ƙulle su a zani, ta ce sai ranar salla a Mina.

A filin jirgin Kano, Malam Falalu na Kazaure, jagoran alhazan yankinsu, ya kwance ƙullin ya ɗaga gwangwanin sama.

"Gwaggo, kashe mu za ki yi? Wannan iska ce a matse, a sama fashewa take. Ƙauyanci dai bai yi ba!"

Mutane suka yi dariya. Tasalla ta sunkuyar da kai ta ce, "Tunda doka ce, a zubar."

Bayan dawowarsu ta je suna Kazaure. Tana zama ta ji ƙamshin a jikin Dela, matar Falalu. Da ta leƙa ɗakin Dela gaisuwa, ga gwangwanaye sun fi goma jere a kan kabad, har da nata biyu masu jan murfi. Ta ci tuwonta ta tafi.

Shekara uku tana kiwon wasu bijiman, ta sake biyan kujera. A filin jirgi ta zauna gefe tana kallon Falalu yana bin tsofaffi, yana karɓe turare da maganin sauro na feshi. Wannan karon ba wanda zai mayar masa da su gida, sai ya cusa a jakarsa ta hannu. Ta bari sai da aka yi layin shiga jirgi, sannan ta tare wani jami'i mai kaki.

"Yallaɓai, ni baƙauyiya ce, tsoro nake ji. An ce gwangwanin feshi fashewa yake, ga jakar wancan malamin cike da shi."

Aka zazzage jakar a gaban kowa. Tsofaffi suka yi caa, kowace na nuna nata. Falalu ya dube ta ya ce, "Haba Hajiya!" Ta gyara mayafi ta wuce. Jirgi ya tashi babu shi, kuma daga shekarar ba a sake ba shi jagoranci ba.

Ya koma sayar da taki a Kanya Babba. Sau biyu yana aiko dattawa neman gafara, tana ba su fura su sha su tafi. Da ta kwanta ciwon ajali ya zo Roni da kansa, ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya yi sallama. Ta amsa sallamar, sannan ta ce wa Lauwali ya raka baƙo ya hau mota tun rana ba ta yi zafi ba.