Kunun Gwaggo a Fulas Ɗin Ƙanƙara

Ranka ya daɗe Edita, a shekarun da kuɗin fetur suka fara ruɗa ƙasar nan ni ɗalibin bincike ne, mai ji da kai da ƙarancin magana. Aikina rainon ƙwayoyin halittar ƙodar akuya a cikin kwalabe. Burina in shigar musu da wani enzayim, wato sinadarin da bakteriya ke samarwa, in ga ko zai gyara lahanin da ke cikinsu. Digirina a kan wannan ya rataya, ga ƙwayoyin sun tsufa, sun kusa daina hayayyafa. Enzayim ɗin kuwa sai daga Turai, kuma da ya ji zafi ya lalace. Da yake kaya na ruɓewa a tashar jiragen ruwa saboda cunkoso, malamina ya sa aka biyo da shi ta Nijar. Ni na je Maraɗi na karɓo ’yar kwalbar cikin fulas cike da ƙanƙara.

A iyakar Jibiya na tarar da gingimari jere ba ƙarshe. Kafin a sallame ni motar Katsina ta tashi, sai na sauka gidan gwaggona a Magama, a gajiye tilis. Ta tambayi abin da nake rungume da shi kamar jariri, na ce kayan aiki ne kawai. A raina na ce ina ita ina fahimtar enzayim.

Da safe na dawo daga gaida maƙwabta, ta miƙo mini fulas ɗin da murmushi. Ta ce ta tarar ba komai ciki sai ƙanƙara, ta zubar, ta cika shi da kunun tsamiya, domin ɗanta ba zai bar gidanta ba guzuri ba. ’Yar kwalbar maganina ma, in ji ta, ta wanke ta tas da tafasasshen ruwa, tana nan cikin murfin fulas ɗin. Na durƙusa na yi godiya.

Ƙwayoyin sun mutu kafin a sake aiko da wani enzayim ɗin, ni kuma ƙarfin sake farawa ya ƙare mini. Na koma koyarwa a sakandare har na yi ritaya.

’Yan’uwa masu karatu, komai wuyar aikinku ku bayyana wa mutanen gida da Hausar da za su gane. Da na ce wa gwaggona zafi ne ke ɓata enzayim ɗin, da ita za ta fi ni tsaronsa. Har ta rasu tana tambayata yaushe zan gama karatun nan, ina ce mata saura kaɗan.