Kailu Mahaƙin Rijiya da Ruwan Kwari

Kailu ya gaji haƙar rijiya daga mahaifinsa, a wani ƙauye kudu da Filinge, cikin kwarin da ke gangarawa zuwa Bankuku. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance. Tun yana saurayi ya iya duban gawo da goruba ya nuna inda ruwa yake. A zamanin, gaba uku zai nutsa yashi ya fara jiƙa masa ƙafa. Da wannan ruwan mutanen kwarin ke noman rani, dankalin turawa da albasa. In gero ya ƙi a damina, lambu ke riƙe gida har wata shekara.

Yana da shekara hamsin da biyu wani kamfani ya karɓi fili arewa da ƙauyen. Suka kewaye shi da waya, suka huda foraji shida, wato rijiyoyin burtsatse, suka shuka cini-da-zugu layi-layi har iyakar ganin ido. Aka ce daga ƴaƴansa za a matse man da injuna ke sha. Gonar ta yi kore shar a tsakiyar bazara, amma ko akuya ba ta kai baki ga ganyenta.

A rani na biyu kira ya yi wa Kailu yawa. Duk tsofaffin rijiyoyi ne ake so ya ƙara musu zurfi. Wadda ya yashe bara, bana sai a sake aiko masa.

Wata safiya yayarsa Dijatu ta iske shi yana wasa sungumi. Mijinta ya rasu, lambunta ke ciyar da ita da jikoki huɗu.

"Kailu, guga laka yake kawo min," in ji ta. "Dankalin ya fara fure. In ya kwana uku bai sha ba, shi ke nan."

"Mu tafi yanzu, Yaya."

Kwana uku yana ciki, maƙwabta na jan ƙasa da igiya. A gaba tara ruwa ya tsattsafo. Ya kamfata ya kurɓa, ya tofar. Ɗaci ne irin na kanwa. Ya jingina da bangon rijiyar don ya huta, sai ya ji wani gunji siriri cikin ƙasa, kamar zuma a cikin amya. Bai san ko injunan kamfanin ne ba, ko kunnensa ne ya gaji.

"Mi kag gani?" Dijatu ta leƙo daga sama.

Ya ɗaga kai ya dube ta. "Ruwa na nan, Yaya. Amma zai ƙone miki shuka."

Ranar kasuwa ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi Filinge, ofishin masu kula da ruwa. Wani ma'aikaci, Abdulgafar, ya ba shi kujera, ya buɗe masa taswira. Ya ce forajin kamfanin sun nutsa ƙasa da nisa, ruwansu daban ne. Ya tuna masa da injunan ban ruwa da masu lambu suka zuba a kwarin, fiye da ɗari, ga damina kuma tana gajarta. Kailu ya san akwai gaskiya a ciki, don shi da kansa ya haƙa wa injunan nan rijiyoyi.

"To Malam, ko ma wa ke sha, wa zai tsayar da shi?"

Abdulgafar ya naɗe taswirar, ya ce an rubuta wa Yamai.

Dijatu ta tone dankalinta ƙanana kamar ƙwan zabo, ta kwashi jikokin ta koma wurin ɗanta a Filinge. Lambuna uku da ke kusa da nata su ma an bar su, gorubobin bakinsu sun fara bushewa daga sama.

Kailu bai bar aiki ba, sai dai ya daina yi wa kowa alkawarin ruwa. Cikin watan jiya wani dattijo ya zo nemansa a kan babur, ya ce daga wajen Damana yake, rijiyar garinsu ta ja baya.

"Damana?" Kailu ya maimaita. Can kudu ne, nesa ƙwarai da gonar kamfanin. "Gaba nawa yanzu?"

"Bakwai."

Kailu ne ya haƙa rijiyar nan, a gaba huɗu ya bar ta cike. Ya shiga ɗaki ya ɗauko igiyarsa, ya auna ta da hannu, ya ce wa dattijon su biya ta kasuwa tukuna ya ƙaro wata.