Waɗanda Ba Su Cika Hamsin Ba

A Dabai na tashi, a hannun kakata, domin babana soja ne, mamata kuma tana biye da shi daga bariki zuwa bariki. Bayan an ci tuwo, Kaka takan tura guntun icce cikin murhu, mu zauna muna ɓarar gyaɗa, ni da ƙanena Ishaya. Labaranta ba na dariya ba ne. Da Hausa take farawa, in abin ya yi nauyi sai ta koma yarenmu na C'lela.

Ina aji uku aka koya mana ƙirge da hamsin-hamsin. Abin ya burge ni ƙwarai. Da, kafin in kai ɗari biyar yawuna ya ƙafe, yanzu kuwa tsalle goma ne kawai. Ranar ina ta rerawa a bakin wuta: hamsin, ɗari, ɗari da hamsin, ɗari biyu.

"Saratu," in ji Kaka, "waɗanda kike tsallakewa fa, ina suke zuwa?"

Na ce suna ciki, malam ya ce ba sai an faɗe su ba.

Ta daɗe tana juya garwashi, sannan ta ce mu matso, ga wata tatsuniya nan tafe.

Wai an yi wani gari a gindin dutse, labari ya zo cewa mahara na tafe. Mai garin mutum ne mai kaifin kai. Ya ce a haye kogi kafin su iso, kwale-kwale kuwa ɗaya ne. Don kada a bar kowa, ya raba jama'a hamsin-hamsin, kowane rukuni ya jefa masa tsakuwa ɗaya a ƙwarya. Tsakuwa shida aka samu. Mutum bakwai suka rage: makaho da jikan da ke masa jagora, wata mai jego da jaririnta, da tsofaffi uku. Ba su cika hamsin ba, don haka ba su da tsakuwa. Aka ce su zauna a inuwar tsamiya, za a waiwaye su.

Kwale-kwale ya yini yana kaiwa da komowa. Duk rukunin da ya gama hayewa, mai gari ya cire tsakuwa ɗaya. Hamsin, ɗari, har ɗari uku. Ƙwarya ta koma wayam daidai lokacin da hayaƙi ya tashi a bayan gari. Ya ce a farfasa jirgin kada mahara su biyo su. Aka farfasa.

"Ba mugu ba ne," in ji Kaka. "Bai yi ƙarya ba, lissafinsa ma bai ɓaci ba. Tsakuwa ya ƙirga."

Mijin mai jegon yana zaton matarsa na cikin wani rukunin. Sai da ya bi duka shidan yana kiran sunanta, sannan wani ya nuna masa tsallake. Ga ta can a bakin ruwa, ta ɗaga jaririn sama da kanta don a gani. Mijin ya faɗa kogi, ba a sake ganinsa ba.

Ishaya ya ce, "Su bakwai ɗin fa, Kaka?"

"Ku tattara ɓawon nan ku je ku kwanta."

Na yi fushi da ita a ranar. Labarin ba shi da mugun da za a hukunta, ba shi da wanda ya tsira da dabara.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Rikoto. Shekarar da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka ta wajen Sakaba, 'yan gudun hijira suka cika mana azuzuwa. Hamsin-hamsin muke jera su wajen rabon abinci, tukunya ɗaya ga layi ɗaya, domin babu wata hanyar ciyar da jama'a haka kafin rana ta faɗi. Wata mata mai suna Rifkatu ta karɓi kwanonta ta ajiye, ba ta taɓa ba. Na zauna kusa da ita. Ta ce da motoci suka zo kwashe su, kowace ta cika sai ta tashi. Mahaifinta ƙafafunsa sun daina aiki, yana ɗaki yana jira. Ita tana zaton wanta ya goyo shi, wan kuma yana zaton ya shiga motar farko.

"Kowa ya ce mun fito duka, Malama," in ji ta. "Har da ni na faɗa."

Da aka samu rakiyar sojoji, maza suka koma. A bakin ƙofar gida suka sami gawarsa. Ya ja jikinsa har can.

Kaka ta rasu kafin wannan, ban samu na gaya mata ba. Har yau ina koya wa yara tsalle da manyan lambobi, domin za su buƙace shi, kuma ba laifinsa ba ne. Sai dai na daina ba su adadin da ke rabuwa cif. Kullum ina barin ragowa, in tsaya a gaban allo har wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ni yadda za a yi da su.