Ashirin Bisa Ashirin

Duk wanda ya ce muku an kusa korata daga shagon nan don ban iya ƙirga ba, ƙarya yake yi. Na iya. Tausayi ne ya ja min.

Ba zan manta da wannan Alhamis ba, watana uku da fara aiki a shagon buga riguna na Oga Sale a Sabon Gari. Wani ɗalibin jami'a, Mubarak, ya zana bijimin Kara, kasuwar shanu: jiki ruwan hoda, ƙaho kore, ga tabarau. Riga ashirin kacal ya ce a buga, kuma 'yan makarantarsu sun riga sun kame su. Oga ya buga, ya miƙo min alƙalamin yadi, ya ce in rubuta a wuyan kowace: 1/20, 2/20, har ƙarshe. Ya tafi sallar la'asar.

Ni kuwa na san 2/20. Shi na ci a lissafi a aji biyar, aka yi ta yi min dariya. Na ce wane ɗalibi ne zai yi yawo da faɗuwa a ƙeyarsa? Sai na dinga zabga 20/20. Na gama ta bakwai ke nan Mubarak ya shigo.

"Innalillahi! Hafsa, me kika yi?"

"Maki na ƙara muku."

"Ba maki ba ne, lambar riga ce! Kowace lamba guda ɗaya ce tak a duniya!"

"To ba duk bijimi ɗaya ne a jiki ba?"

Oga ya dawo, ya duba, ya ce, "In yaran nan suka ƙi karɓa, gobe ki yi zamanki a gida."

Tawadar ba ta goguwa. Mubarak ya ja layi a kan rubutuna, ya sa lambar gaskiya a gefe, ya sa hannu. Bayan ƙarfe biyar ɗalibai suka zo. Wani dogo ya juya wuyan tasa, ya ga tsaf take, ya ɓata rai.

"Ni mai kuskuren nake so. Guda nawa ce?"

Aka ce bakwai. Nan fa rigima ta kaure, saura ƙiris su yaga ta uku. Oga ya kalle ni ta gefen ido. "Gobe ƙarfe takwas. Kar ki makara."

Ranar na gane mutanen nan ba yadi suke saya ba, abin da wani ba shi da shi suke bi. Don haka na sayi littafin zane. Akuyar gidanmu nake zanawa, shuɗiya, kuma riga biyar zan buga. Wanda ya zo na shida ya yi haƙuri, ko da Oga ne.