Bindigar da Ta Ƙi Ɗaguwa

Duk sa'ad da na ɗiga wa keken ɗinkina mai, warin nan mai kaifi yakan mayar da ni tsakar gidanmu na Makera, in ga kakana zaune a kan buhu, bindiga a kan cinyarsa. Da man keke yake goge ta, yana satar na mahaifiyata kaɗan-kaɗan, ita kuma tana yi kamar ba ta sani ba.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, yawancin mazauna ma'aikatan masaƙa ne irin mahaifina. Kakana da kakata sun baro ƙauye sun dawo wurinmu don tsufa, amma shi bai yarda ya tsufa ba. Maharbi ne tun yana saurayi, ba irin masu bin dabba da karnuka ba. Shi daga nesa yake harbi, ya hau dutse ya zauna shiru har naman ya fito da kansa. Mu jikoki Baba Tsoho muke kiransa.

Bindigar tasa doguwa ce, baƙa, gindinta na katako ya yi sulɓi saboda hannu. Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin, na taɓa gwada ɗaga ta a ɓoye, sai ta ja ni gaba kamar na rungumi turmi. A damunar shekarar nan kafaɗarsa ta dama ta fara ba shi wahala. Idan ya dawo daga daji kakata takan gasa masa da ruwan zafi, tana mita cewa wannan ƙarfe ne zai ƙarasa shi.

Kawuna, wanda bai daɗe da barin soja ba, shi ya kawo mafita. Ya samo wata bindiga a hannun wani Bature da ke aikin ginin matatar mai a wajen Rido, zai koma ƙasarsu. Siririya ce, fara-fara, ko ni ina iya riƙe ta da hannu ɗaya. Kawu ya ce Baba Tsoho ya gwada ta tukuna, in ta yi masa sai a je a gyara takardun lasisi a sayar da tsohuwar.

Makonni kakana ya yi yana auna bindigogin nan biyu. Yakan ɗora wannan a tafin hannu, ya sauke, ya ɗora waccan. Yakan kai kowacce daga cikinsu kafaɗa ya saita ta a kan wata ƙusa da ke jikin katanga, ya daɗe a haka. Kawu yana ta yabon sabuwar, cewa mutum zai yini da ita a rataye bai san da ita ba. Kakana ya yarda da wannan. Amma ya nuna masa yadda bakinta ke rawa da bugun zuciyar mai riƙe da ita, ya ce a kusa ba komai, amma a nesa wannan 'yar rawa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙirji da ƙafa. Mai nauyi kuwa tana kwanciya ta yi lamo, kuma ba ta naushin kafaɗa in an harba. Sai dai kafin ka kai dutsen da za ka zauna, ta riga ta cinye ƙarfin hannunka. Kawu ya ce to ai sai ya zaɓa, domin shekaru ba baya suke komawa ba. A ƙarshe ya zaɓi marar nauyin, kakata ta yi godiya ga Allah a fili.

Ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula babu makaranta, babu aiki a masaƙa. Tun safe maza suka kewaye rediyon maƙwabcinmu suna gardamar jam'iyyu. Kakana bai damu da wannan ba. Ya naɗe sabuwar bindigar a tsumma, ya ɗaure a bayan kekensa, ya tura har bakin ƙofa. A nan ya tsaya kamar wanda aka kira. Ya waiwaya, alhali ba wanda ya yi magana, sa'an nan ya kwance ta, ya koma ɗaki ya fito da tsohuwar.

Kakata ta tambaye shi abin da ya faru.

"Na ji keken kamar babu kowa a bayana," in ji shi.

Bayan tafiyarsa wata maƙwabciya ta zo ta ce akwai motar a-kori-kura da za ta bi ta Rido. Kakata tana da 'yar gonar gyaɗa a can gaba da ƙauyen, gyaɗar kuma ta isa cira, sai ta ce in shirya mu je tun da ina gida. Na ɗaura wani zane ja mai ɗigon fari, ragowar yadi da mahaifina ya kawo daga masaƙa. Kakana bai san za mu fita ba, mu ma ba mu san wane daji ya nufa ba.

Ƙarshen damuna ne, ciyawa ta fi ni tsawo, ƙasa tana tururi. Muka ciri gyaɗa har rana ta take tsaka, sai kakata ta aike ni rafi da gora. Rafin yana cikin kwari, can nesa da shi kuma akwai wani dutse mai faɗin kai. Na durƙusa na nutsa gorar, ina jin ƙarar ruwa yana shiga. Sai na lura ita kaɗai nake ji. Tsuntsaye sun yi tsit, hatta bugun ƙarafan matatar mai da ke zuwa da iska ya ɗauke.

Na ɗaga kai. A tsallaken ruwan, kusa ƙwarai, mazo ne tsaye, irin dabbar nan mai kama da barewa, ja mai ɗigon fari. Kunnensa na hagu a yage yake. Ba ni yake kallo ba. Ya zuba ido ta saman kaina, wajen dutsen da ke bayana, ko ƙiftawa ba ya yi. Na ji bayana ya yi sanyi tun daga ƙeya, kuma na kasa juyawa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Da gorar ta cika ta yi shiru, sai na miƙe na gyara ɗaurin zanena. Ko da na sake dubawa, babu komai a tsallake sai ciyawa, ita ma ba ta motsi.

Ina hawowa daga kwarin na ga kakana yana ratso ciyawa da gudu, ba hula, ba bindiga. Ban taɓa ganinsa yana gudu ba. Ya kama fuskata da hannu biyu yana juya ta, ya duba wuyana, ya duba bayana, sa'an nan ya zauna daɓas a ƙasa.

A gaban kakata ya faɗi abin da ya gani. Yana kan dutsen tun hantsi, sai ya hangi mazo a bakin rafi ya sunkuya yana shan ruwa, har ƙahoninsa ya gani. Ya kai hannu ga bindiga, ta ƙi ɗaguwa. Ya ce ya san nauyinta kamar yadda ya san nauyin hannunsa, amma ranar kamar wani ya danne bakinta. Sai da ya ja ta da kyar ya ɗora a kan dutse, ya kwanta, ya daidaita numfashi, yatsansa ya kai kan kunama. A daidai nan mazon ya miƙe da ƙafa biyu ya gyara zane.

Na ce ai akwai mazo da gaske, a tsallake yake tsaye. Ya girgiza kai ya ce abu ɗaya ne tak a bakin ruwan, ba biyu ba. Muka koma tare. Laka ce mai laushi a gefe biyun, ga sawuna ɓaro-ɓaro, ga gurbin gwiwoyina. A tsallake babu sawun komai. Da na ambaci yagaggen kunne, kakata ta riƙe hannuna da ƙarfi ta ce, "Wane kunnen?" Na faɗa mata. Suka kalli juna ita da shi. Ta tuɓe mini zanen ta ɗaura mini ɗankwalinta, ban sake ganin zanen nan ba.

Washegari kakana ya kira kawu ya miƙa masa sabuwar bindigar a naɗe. Kawu ya fara zancen kafaɗa, sai kakana ya katse shi.

"Da wannan ce a hannuna jiya, da yau muna haƙa kabari. Bindigar da ba ta ba mutum lokacin sake duba abin da yake kallo, ba tawa ba ce."

Ya ci gaba da fita da tsohuwar na 'yan shekaru, sau da yawa ya dawo hannu wofi, kuma bai sake hawa wannan dutse ba. Fasto ya zo gida ya yi addu'ar godiya, ya ce mala'ika ne. Kakana ya ce amin, bai yi musu ba. Sai a wurin jana'izarsa, ina budurwa, na ji wata tsohuwa daga ƙauyenmu tana ba da labarin wan kakana da ya koya masa harbi, wanda ya rasu tun ba a haifi mahaifina ba. Ta ce ƙaya ta taɓa yage masa kunne a daji. Ban tambaye ta wane kunne ba.

Yanzu ni ma ina da jikoki, ina zaune a Sabon Tasha. Dajin nan ya zama unguwa, gonar kakata shaguna ne, rafin kuma kwalbati aka yi masa, yana ɗauke da leda da ruwan wanki. An girke tankin ruwa a kan dutsen, yara suna hawa suna wasa. Ba mazo, ba maharbi, jikokina ma ba su san sunan dabbar ba. Wata 'yar cocinmu tana zaune a can, nakan je gaishe ta. Idan mai keke-napep ya sauke ni a bakin kwalbatin, nakan zagaya ta wancan gefen keken kafin in biya shi. Har yau ban iya tsayawa a wurin nan da dutsen a bayana ba.