Dardumar Gashin Majema

Innata masaƙiyar darduma ce, kuma a zamaninta duk unguwarmu a Omdurman babu mai hannunta. In ka ɗaga saƙarta ka kalli rana, ko ɗigon haske ba za ka gani ba. Amma kullum cewa take saƙa ba ta gyara gashi. Gashin da aka aske daga rayayyar tunkiya dogo ne, da maiƙonsa, yana kai jikoki. Wanda majema ke kankarewa daga fata da toka kuwa matacce ne. A ido duk ɗaya suke, sai an taka wata uku ya fara zuba.

Wani Alhaji mai rumfa a Kasuwar Libiya shi ke kawo mata zare kaɗaɗɗe, don idonta ya fara rauni. Shekara guda ya cusa mata na majema. Darduma shida ta saƙa da shi, duka shida suka yi sanƙo. Mata suka riƙa dawo da su suna jefarwa a tsakar gidanmu. Da ta je ta same shi, a gaban mutane ya ce, "Ya Hajja, tsufa ne. Hannu ya gaji, khalas, shi ke nan." Tun ranar ba ta sake zama gaban masaƙa ba. Ni na gaji aikin, tare da ƙiyayyar mutumin nan, kuma ban taɓa roƙon Allah ya cire mini ita ba.

An daɗe, sai ga shi da kansa a ƙofarmu, gemu ya yi fari, wai autarsa za ta yi aure, yana son darduma ta hannu, ba ta inji ba. Na ce, "Baffa, ai ka zo gida." Washegari na hau mota har majema, na zaɓi mafi mutuwar gashin da ke wurin. Na kaɗa da hannuna, na rina ja da baƙi, na danne saƙar kamar ta sarki. Ban taɓa yin aiki da daɗin rai irin wannan ba.

Na kai masa ita ranar da dangin ango suka zo ganin kaya. Alhajin ya shafa ta da tafin hannu, ya dubi ɓurɓushin gashin da ya maƙale masa, ya dube ni. Ya gane sarai. To amma in ya faɗa, ai sai a tambaye shi ina ya san gashin majema. Sai ya ce, "Masha Allah, ya bitti, ɗiyata. Kwayyis, ta yi kyau." Har Jabal Awliya aka kai ta ɗakin amarya, kafin damina ta zama abin dariya.

Shi dai har gobe ban ji tausayinsa ba. Sai dai maganar ta zagayo unguwa, kuma ba sunansa ta ɗauko ba. Wata safiya ina tankaɗe, Inna ta lalubo bango ta zauna kusa da ni.

"Wane gashi kika sa wa yarinyar nan?"

"Irin wanda ubanta ya ba ki."

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Jiya a gidan suna na ji ana cewa haka saƙar gidanmu take tun asali. Da ana cewa tsufa ne ya ci ni. Yanzu cewa ake ban taɓa iyawa ba."